JARIRI DA ZAFIN BAZARA: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Tafi Wurin Biki Ko Shaƙatawa

Kowa ya san in bazara ta shigo, watau daga ƙarshen Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, zafi kan tsananta a ƙasashen Arewa. A 'yan shekarun nan kuwa manyan bukukuwa sun faɗo a tsakiyar wannan zafi. A 2024 an yi bikin Ista ran 31 ga Maris, aka yi Ƙaramar Salla ran 10 ga Afrilu. A 2025 Sallar ta zo ran 30 ga Maris, Ista kuma ran 20 ga Afrilu. A irin waɗannan ranaku ne magidanci yakan kwashi iyalinsa, har da na goye, a tafi kallon hawa, ko filin wasan yara, ko wani wurin shaƙatawa. Wannan darasi domin na goyen nan aka rubuta shi. Manya da yara masu wayo su ne ke more biki. Jariri ba abin da yake ƙaruwa da shi, amma a kansa zafin ranar yake ƙarewa.

1. INDA ABIN YA SHAFA

Bari mu ɗauki Kudancin Jihar Kaduna mu yi misali, domin ƙasa ce mai yawan bukukuwa da wuraren kallo. Kafanchan mahaɗa ce tun da aka haɗa hanyoyin jirgin ƙasa a can a 1927, kuma ta nan baƙi da 'yan ƙasa mazauna Kaduna da Jos da Abuja suke bi in sun zo gida hutu. A lokacin Ista mutanen Ham sukan yi bikinsu na Tuk Ham a Kwoi, a cika fili maƙil da masu rawa da 'yan kallo. Samari da iyalai sukan tafi ganin ruwan Matsirga da ke kusa da Kafanchan, waɗansu su hau duwatsun Kagoro. Bikin Afan na Kagoro shi a ran 1 ga Janairu ake yin sa, cikin hunturu, amma ko a lokacin ranar tsaka takan yi ƙuna, ga ƙura. Masu zarafi kuma sukan wuce filayen wasa na zamani masu lilo da motocin yara a Kaduna ko Abuja.

Waɗansu sukan ce ai ƙasar Kafanchan tudu ce, zafinta bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba. Gaskiya ne, amma akwai abin lura. A Kudancin Kaduna damina takan riga ta can Arewa sauka. Tun cikin Maris da Afrilu iska takan ɗauko laima, sai a ji gari ya yi gumi, zufa ta jiƙe jiki ta ƙi bushewa. To, bushewar zufa ita ce hanyar da jiki yake sanyaya kansa. In ta ƙi bushewa, zafi yakan taru a ciki ko da ma'aunin zafi bai nuna wani adadi mai ban tsoro ba.

Kada kuma a ɗauki zafi abin wasa don mun saba da shi. Ran 3 ga Afrilu, 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma a kwanakin nan asibitocin Bamako sun ga mace-mace fiye da yadda suka saba. Mutanen can ma 'yan ƙasar zafi ne kamarmu.

2. ME YA SA JARIRI YA FI KOWA WAHALA?

Dalilai huɗu ne. Na ɗaya, jikinsa ƙarami ne, saboda haka yakan ɗauki zafi da sauri ƙwarai fiye da na babba, kamar yadda ruwa a ƙaramar tukunya yake riga na babba tafasa. Na biyu, ba ya yin zufa sosai kamar babba, don haka ba shi da cikakkiyar hanyar fitar da zafin. Na uku, ruwan da ke jikinsa kaɗan ne, ɗan abin da ya fita ta zufa ko gudawa sai ya yi masa illa. Na huɗu, ba shi da baki. Babba in ƙishirwa ta dame shi ya nemi ruwa, in rana ta dame shi ya koma inuwa. Jariri kuwa sai kuka, kuma a cikin kiɗa da hayaniyar lasifika ba kowane kuka ake ji ba. In ya galabaita ma yakan daina kukan, sai uwa ta ce, "Madalla, ya yi barci."

3. GOYO DA LULLUƁI

Goyo al'ada ce mai kyau, ba wanda ya ce a bari. Amma a duba yadda abin yake a filin biki. Ga jikin uwa da ɗumi, ga zani, ga majanyi, sa'an nan an sa wa yaro hular ulu da safa da rigar Salla mai kauri, aka kuma ɗora tawul ko mayafi a bisa kansa don a kare shi daga rana da ƙura. Niyya mai kyau ce, amma an rufe shi cikin tanda. Iska ba ta shiga, zafi ba ya fita, uwa kuma ba ta ganin fuskarsa. Haka nan masu keken tura jariri, in sun rufe shi da bargo ko zani, cikinsa yakan fi waje zafi.

Abin da ya dace shi ne riga ɗaya mara nauyi ta auduga, mai farin launi ko mai haske, da hula mai fāɗin baki. A kare shi da laima, domin laima tana tare rana ba ta tare iska. A riƙa sauke shi daga baya lokaci lokaci a inuwa, a duba fuskarsa, a taɓa ƙeyarsa da ƙirjinsa. In yaron zabiya ne, kada a bar rana ta taɓa fatarsa ko kaɗan, gama takan ƙone nan da nan.

4. NONO KO RUWA?

A nan ne iyaye da yawa suke kuskure, kuma da tausayi suke yin sa. Kaka takan ce, "Wannan zafi haka, ku ba yaron nan ruwa mana." Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ita ce, daga haihuwa zuwa wata 6 a ba jariri nonon uwa zalla, ba ruwa, ba tsimi, ba kunu, ko da a tsananin bazara. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda ba ƙuda ko ƙura da suka taɓa shi. In aka cika ɗan cikinsa da ruwa, ba zai sha nono yadda ya kamata ba, nonon ya ragu. In kuwa ruwan ba shi da tsabta, gudawa ta biyo baya, ga zafi ga gudawa, jiki ya bushe cikin sa'o'i kaɗan.

Saboda haka a ranar zafi a yawaita ba shi mama, ko bai yi kuka ba. Ruwan da ake so a ba jariri, uwa ce za ta sha shi, ta sha da yawa. Kada kunya ta hana ta shayarwa don ana cikin jama'a; ta nemi inuwa ta zauna. Wajibi ne maigida da 'yan'uwa su taimaka mata da wurin zama da abin sha.

Yaron da ya wuce wata 6 kuwa, a ci gaba da ba shi nono, a ƙara masa da tafasasshen ruwa da aka zo da shi daga gida a cikin gora mai murfi. Kada a ba shi ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya na talla, domin ba a san ruwan da aka yi su da shi ba, kuma zafi kan ɓata su da wuri.

5. SHIRIN TAFIYA

Wanda zai fita da jariri ya tsara tafiyar bisa ga lafiyar jaririn. A fita da sassafe a dawo kafin hantsi ya ɗaga sosai, ko kuwa a bari sai bayan la'asar. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma a zauna a inuwa. A saurari rediyo, gama Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan yi gargaɗi in ana sa ran zafi mai tsanani. In an yi irin wannan gargaɗi, a ɗage fitar.

In an isa, kafin a nemi inda kallo ya fi kyau, a fara neman inda inuwa take da inda mafita take. A tsaya a gefen taro, kada a kutsa tsakiya, kada kuma a zauna kusa da lasifika ko injin janareto. Ba a hawa lilo ko wani abin wasa mai juyi da jariri, wuyansa bai yi ƙwari ba. A wurare irin su Matsirga, duwatsu suna da santsi, mai goyo ta tsaya nesa da bakin ruwa. A kuma tuna cewa daga irin waɗannan wurare zuwa asibiti akwai 'yar tafiya, saboda haka a san abin hawan da za a koma da shi tun kafin buƙata ta taso.

Ga wata doka da ba ta da togiya: kada a bar yaro cikin mota a tsaye, ko da na minti ɗaya, ko da an sauke gilashi kaɗan. Cikin minti 10 zafin cikin mota yakan ƙaru da wajen digiri 10. A Amurka kowace shekara ana rasa yara ta wannan hanya, yawancinsu kuwa 'ya'yan iyaye ne masu ƙaunarsu waɗanda mantuwa ta kama.

6. CUNKOSO DA CUTUTTUKAN RANI

Ban da zafi, taron jama'a a lokacin rani yana da wani haɗari. Sanƙarau da ƙyanda a wannan lokaci suka fi yaɗuwa, ta numfashi da tari. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A yau akwai rigakafi, kuma a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga iri 5 na ƙwayar sanƙarau. Amma a tsarin rigakafin yara, sai jariri ya kai wata 9 ake yi masa allurar ƙyanda da ta sanƙarau. Wanda bai kai nan ba, bai sami wannan garkuwa ba tukuna. Jaririn da bai wuce wata 3 ba kuwa, da wanda aka haifa bakwaini, da mai zazzaɓi ko gudawa, lalle ne a bar su a gida tare da uwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

7. ALAMUN HAƊARI

Kowace uwa da kowane uba su haddace waɗannan:

(a) Fitsari ya ragu, ko ya yi ja. Jariri mai ƙoshin nono yakan jiƙa ƙunzugu kamar sau 6 a yini da dare.
(b) Baki da leɓe sun bushe, yana kuka ba hawaye.
(c) Maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma.
(d) Jiki ya yi zafi rau, numfashi ya yi sauri.
(e) Ya ƙi kama mama, ko yana amai.
(f) Jiki ya saki, ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ko ya fara jijjiga.

Game da maɗiga, a sani cewa faɗawarta alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Shafa mata wani haɗi ba ya mai da ruwan, sai dai ya ɓata lokaci.

8. ABIN YI NAN TAKE

A fitar da shi daga rana da cunkoso. A tuɓe masa kaya duka. A jiƙa tsumma da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, a goge masa jiki, musamman wuya da hammata da matse-matsi, ana yi masa fifita. In yana iya haɗiya, a ba shi mama. In akwai gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda aka fi sani da ORS, a dama shi yadda aka rubuta a jikin ƙunshin, galibi cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi da cokali kaɗan kaɗan. Abin da ya kwana ya wuce sa'a 24 a zubar. Wannan magani mai araha, wanda marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ta yaɗawa sa'ad da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ceci yara masu ɗimbin yawa a ƙasar nan.

In yaro ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa kome a baki, kada a sa masa cokali tsakanin dasashi. A kwantar da shi ta gefe, a ci gaba da sanyaya shi a hanya, a nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Kafanchan ne, ko na Kwoi, ko na Zonkwa, ko ɗakin shan magani na ƙauye. Maganin zazzaɓi ba ya warkar da bugun zafin rana. Haka nan duk jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi ga malaman asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari.

TAMBAYOYI DOMIN AJI DA TARON MATA

1. Me ya sa ba a ba jariri ɗan wata 4 ruwa ko da ana tsananin zafi? Wa ya kamata ya sha ruwan?
2. Wace illa ce ke cikin rufe kan goyo da tawul?
3. Faɗi alamu 4 da ke nuna ruwa ya ƙare a jikin jariri.
4. A garinku, wane asibiti ne ya fi kusa da filin biki, kuma da me za a kai yaro can cikin gaggawa?

Jama'a, biki na shekara shekara ne, wanda bai ga na bana ba ya ga na baɗi. In aka kiyaye jariri bana, nan da 'yan shekaru shi da kansa zai ja hannun ubansa zuwa filin Kwoi ko gindin Matsirga. Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Allah ya raya mana zuriya, amin.