"Ni Ma Turo Mini Aka Yi": Darasi a Kan Saƙon Waya da Dokar Ingila

'Yan uwa, akwai wata magana da ta zama garkuwa a bakinmu a zaurukan WhatsApp. Da zarar an ce wa mutum labarin da ya sako ba shi da tushe, sai ya amsa da cewa, "Ni ma turo mini aka yi." Wani ma tun kafin a tambaye shi yake rubuta "kamar yadda na samu" a ƙarƙashin saƙon, yana ganin ya wanke hannunsa ke nan. Darasinmu na yau a kan wannan magana yake: shin tana da wani nauyi a gaban dokar ƙasar da muke zaune a cikinta, kuma me ke faruwa da saƙo bayan yatsa ya taɓa alamar turawa? Ni injiniya ne, sana'ata manhaja da hanyoyin sadarwa, don haka wanda matsala ta riga ta faɗa masa, lauya zai nema. Abin da nake so shi ne kada a kai ga haka.

Mu fara da abin da yawancinmu muka gani da idonmu. Ranar 29 ga Yuli 2024, wani matashi ɗan shekara 17 ya kashe yara mata uku da wuƙa a wani ajin koyon rawa a garin Southport, kusa da Liverpool. Saboda bai kai shekara 18 ba, 'yan sanda ba su faɗi sunansa ba, kamar yadda aka saba. Cikin 'yan sa'o'i sai wani suna na ƙarya mai kama da na Larabawa ya bazu a X da Facebook da Telegram, ana cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka wanda ya shigo ta ƙaramin jirgin ruwa. Washegari da yamma, gungun mutane suka far wa masallacin Southport da jifa. Ranar 1 ga Agusta alƙali ya ɗage takunkumin, aka bayyana cewa sunansa Axel Rudakubana, haifaffen Cardiff, iyayensa 'yan asalin Ruwanda. Amma wuta ta riga ta kama. Ranar 4 ga Agusta aka yi yunƙurin ƙona wani otal da ke ɗauke da masu neman mafaka kusa da Rotherham, da mutane a cikinsa.

Mu da ke Barking ba mu ji wannan a matsayin labarin nesa ba. Musulmi sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙaramar hukumar Barking da Dagenham a ƙidayar 2021, kuma waɗanda suka daɗe a nan suna tuna cewa a 2006 jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta ci kujeru 12 daga cikin 51 na majalisar yankin, kafin ta rasa su baki ɗaya a 2010, shekarar da shugabanta Nick Griffin ya tsaya takara a Barking ya zo na uku. Don haka da jerin wuraren da aka ce za a kai wa hari ranar 7 ga Agusta ya fara yawo, har da Walthamstow da ke nan gabashin Landan, zukata sun tashi. A ranar dubban mutane ne suka cika titin Walthamstow don nuna adawa da masu tarzomar. Sai dai a makon nan, mu ma zaurukanmu sun cika da muryoyin da aka naɗa, "ga su nan sun taho", ba ranar da aka naɗa, ba sunan unguwa, ba wanda ya san mai maganar. Injin da ya niƙa mu a Southport, shi muka riƙa juyawa da hannunmu.

To, me doka ta ce? Dokar da ake kira Online Safety Act ta samu amincewa a Oktoba 2023, kuma laifuffukan sadarwa da ke cikinta sun fara aiki ranar 31 ga Janairu 2024. Sashe na 179 ya haramta aika saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne, da nufin cutar da waɗanda za su gan shi a jiki ko a zuciya. Sashe na 181 ya shafi barazanar kisa ko mummunar cutarwa, kuma hukuncinsa na iya kaiwa shekara biyar. Wurin da ya fi shafarmu shi ne sashe na 182, inda aka fayyace cewa ba sai mutum ne ya ƙirƙiri saƙon ba: wanda ya tura saƙon wani, ko ya sake yaɗa abin da wani ya wallafa, shi ma mai aikawa ne. Wato majalisar dokoki ta hango wannan uzuri namu, ta kuma toshe shi tun a rubuce.

Akwai kuma tsohuwar dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1986, wadda ta tanadi ɗauri har shekara bakwai ga mai wallafa abin da ke tunzura ƙiyayyar launin fata. Da ita aka ɗaure wani ɗan shekara 28 a Leeds wata 20 saboda ya yi kira a Facebook a kai hari otal ɗin masu neman mafaka, alhali shi bai je wurin ba. Wata mata a Northampton ta rubuta a X cewa a cinna wa irin waɗannan otal wuta. Ta goge bayan sa'o'i uku da rabi, amma kafin nan an gani sau 310,000. An yanke mata wata 31. Wani ɗan garin nasu ya kwafi kalamanta ya sake wallafawa, ya ƙara da nasa, shi kuma ya samu wata 38. A duba da kyau: mai kwafa ya fi mai ƙirƙira daɗewa a hukunci.

An yi ta muhawara a ƙasar nan kan ko waɗannan hukunce-hukunce sun yi tsauri, kuma muhawara ce da ta cancanci a yi. Ni a ganina, wanda ya ce a ƙona gini da mutane a ciki a ranar da ake ƙona gine-gine ya wuce iyakar faɗin ra'ayi. Amma ya kamata wanda ya yi murna da ɗaurin nan ya san cewa dokar ba ta da ɓangare. Abin da ya kama su zai kama namu idan ya rubuta irinsa a kan Yahudawa, ko Hindu, ko wata ƙabila ta gida Najeriya a ranar da rikici ya ɓarke.

Ra'ayi na biyu da nake yawan ji shi ne, "Ai zaurenmu na sirri ne, kuma WhatsApp a kulle yake." Gaskiya ne tun Afrilu 2016 saƙonnin WhatsApp a sakaye suke tafiya, ta yadda ko kamfanin ba ya iya karanta su a hanya. Sai dai kullen na hanya ne kawai. Ka ɗauke shi kamar wasiƙar da aka rufe da kakin zuma daga Kano zuwa Katsina: ba mai buɗe ta a mota, amma da ta isa, a buɗe take a hannun wanda aka aika wa. Idan zaure yana da mutum 200, to akwai kwafi 200 a buɗe, kuma kowane ɗayansu na iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa. Ajiyar da waya ke yi a Google Drive ko iCloud ma ba ta samun irin wannan kulle sai mutum ya kunna shi da kansa. Idan kuma 'yan sanda suka karɓi waya bisa doka, suna iya ba mai ita takardar neman lambar sirri a ƙarƙashin wata doka ta 2000, kuma ƙin bayarwa laifi ne mai zaman kansa. A 2022 kotu a Landan ta samu wasu 'yan sanda biyu da laifi a ƙarƙashin sashe na 127 na dokar sadarwa ta 2003, saboda munanan saƙonnin da suka yi musaya a zaurensu na WhatsApp mai mutum ƙalilan. Idan zauren 'yan sanda bai tsira ba, na 'yan unguwa fa? Batun "ai da Hausa muke yi" kuwa bai kai a tsaya a kansa ba. Kotunan ƙasar nan da tafintoci suke aiki kowace rana.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya karanta a natse, musamman iyayenmu mata da ke cikin zaurukan dangi. Akan turo bidiyon cin zarafin ƙaramin yaro daga gida, a rubuta "a yaɗa har a kama azzalumin nan". Niyyar mai turawa kyakkyawa ce, amma a Ingila mallakar irin wannan hoto laifi ne, yaɗa shi kuma laifi ne mafi girma, kuma fushin da ya sa ka tura ba ya cikin abubuwan da ke wanke ka. A Nuwamba 2019 aka samu Robyn Williams, babbar jami'a a rundunar 'yan sandan Landan mai shekara 36 a bakin aiki, da laifin mallakar irin wannan bidiyo. 'Yar uwarta ce ta tura shi ga mutum 17 a WhatsApp, cikin ɓacin rai, tana son a kama wanda ya aikata. Williams ta ce ba ta buɗe shi ba. Duk da haka aka yanke mata aikin hidimar jama'a na sa'o'i 200, aka sa sunanta a rajistar masu laifin lalata, aka kore ta daga aiki a 2020, sai a 2021 ta yi nasarar komawa. 'Yar uwar tata ma an same ta da laifin yaɗawa.

Haka abin yake da bidiyon 'yan ta'adda. Birtaniya ta haramta ƙungiyar Ansaru a 2012, Boko Haram kuma a 2013. Sashe na 2 na dokar ta'addanci ta 2006 ya hana yaɗa kayan farfagandar da ke iya ƙarfafa wa wani gwiwar ta'addanci, ko da mutum bai yi nufi ba, matuƙar ya yi ganganci da sakamakon, kuma hukuncin na iya kaiwa shekara 15. Bidiyon da ke yawo hankali kwance a wayoyin Maiduguri, a Barking wani abu ne daban.

Ga wanda bai riga ya zama ɗan ƙasa ba, akwai ƙarin nauyi. Dokar kan iyakoki ta 2007 ta wajabta wa ministan cikin gida tasa ƙeyar baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, sai in akwai togaciya irin ta haƙƙin ɗan Adam. Hukuncin da bai kai haka ba ma yakan fito a binciken DBS, wanda ba a aikin kula da tsofaffi ko asibiti ko makaranta sai da shi, kuma akan duba shi wajen neman takardar zama na dindindin. Shekarun da mutum ya yi yana biyan kuɗin biza da na inshorar lafiya, saƙo guda na iya cinye su.

Duk da haka, doka ta fi ɓarnar ƙunci. An kama wata mata a Cheshire da ke cikin waɗanda suka fara yaɗa sunan ƙaryar nan na Southport, daga baya aka sake ta ba tare da tuhuma ba. Sashe na 179 yana buƙatar a tabbatar mutum ya san ƙarya ce, kuma mafi yawan masu turawa sun yarda da abin da suke turawa. A wannan gurbi ma'aunin da muka taso da shi ya fi na majalisa tsanani. Aya ta 6 a Suratul Hujurati a kan bincika labari kafin a yi aiki da shi ta sauka. A ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wadda Suratun Nur ta yi bayani, cikin waɗanda aka yi wa haddi akwai sahabbai irin su Misɗahu da Hassanu bn Sabit da Hamnatu bint Jahsh, mutanen kirki da suka ɗauki maganar da wani ya ƙulla suka kai gaba. Malaman hadisi kuwa sun gina ilimi sukutum a kan tambayar "wa ya faɗa maka?" Abin lura ga injiniya shi ne, manhajar WhatsApp an gina ta ne ta yadda take yanke wannan sarƙa: saƙon da aka turo ba ya ɗauke da sunan wanda ya fara shi, hoto kuma ana goge masa bayanan rana da wurin ɗauka kafin ya iso gare ka. Ruwaya ce marar isnadi tun daga masana'anta.

Mun kuma san kuɗin da ake biya. A Agusta 2014, lokacin Ebola, saƙon shan ruwan gishiri da wanka da shi ya zaga Najeriya cikin dare guda, aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu a asibiti. A Yuni 2018, hotunan gawarwakin da ba a Filato aka ɗauke su ba sun yaɗu a Facebook a matsayin na rikicin yankin Gashish, kuma 'yan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa sun taimaka wajen rura kashe-kashen ramuwa.

Kamfanin da kansa ya yi ƙoƙarin rage gudu. A 2018 ya fara sa wa saƙo alamar an turo shi, a Janairu 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilu 2020 kuma ya ce saƙon da ya ratsa hannu biyar ko fiye, mai alamar kibiya biyu, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a kowane karo. Amma zaure yanzu yana ɗaukar mutum har 1,024. Mu yi lissafi na misali: mutum goma a zaure mai mutum 200 kowanne ya tura wa zauruka biyar, an samu zauruka 50, waya 10,000. A maimaita sau ɗaya tak, zauruka 2,500 ne, waya 500,000. Ko an cire waɗanda suka samu sau biyu, an wuce yawan mutanen Barking da Dagenham tun kafin la'asar.

Abin da za a iya yi a wayar ba shi da wahala. A shiga saitin ajiya da bayanai na WhatsApp a kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, domin abin da bai sauka ba bai shiga rumbun wayarka ba. Hoton da ya tayar maka da hankali, ka sa shi a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar ya shekara biyar yana yawo, daga wata ƙasa ma. Labarin hari ko zanga-zanga a unguwa, a nemi tabbacinsa a shafin 'yan sandan Landan ko na majalisar Barking da Dagenham, ko a kira ofishin masallaci, misali Al Madina da ke Victoria Road. Masu kula da zaure suna da ikon mayar da shi ta yadda su kaɗai ke iya rubutu, kuma a rana irin ta 7 ga Agusta wannan ya fi gargaɗi ɗari amfani.

Idan kuwa bidiyon cin zarafin yaro ya riga ya sauka a wayarka, kada ka tura shi ga kowa, ko liman ne, ko mai kula da zaure, ko ɗan uwanka ɗan sanda. Ka kira 101 a ranar, ka faɗa musu daga ina ya zo, ka bi abin da suka ce ka yi da wayar. Idan a wani shafin intanet ka gan shi, ƙungiyar Internet Watch Foundation tana karɓar rahoto ba tare da ta nemi sunanka ba.