Yadda ake gano inda ƙarar ƙafar mota take fitowa

Da zarar tsohuwar mota ta fara ƙwal-ƙwal ta ƙasa, shokazoba ake fara ɗora wa laifi. Mai mota ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo guda biyu, a ɗaura masa, ya fito daga gareji, ramin farko da ya faɗa ƙarar ta dawo. Alhali sau da yawa abin da ya mutu ɗan bushin ne, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Bushin roba ce da aka dasa tsakanin ƙarfe da ƙarfe a duk inda ƙafar mota ta haɗu da gangar jikinta, tana yin aikin da guringuntsi yake yi tsakanin ƙasusuwa. Zafin rana yana busar da ita, gargada tana tsattsage ta, baƙin man da ke ɗiga daga inji kuma yana jiƙa ta har ta yi laushi ta ruɓe. Idan ta cinye, ƙarfe ya riƙa dukan ɗan'uwansa.

Kafin ka kashe ko sisi, fara da buɗe but. Fitar da jak da sifanu da duk wani tarkace, ka tabbatar safayar taya a ɗaure take. Gwada notocin tayoyi huɗun, sannan ka kama bakin salansa bayan ta huce ka girgiza, don robobin da suka rataye ta ma suna tsinkewa, ta riƙa bugun ƙasan mota.

Daga nan sai sauraro, kuma nan ne rabin aikin yake. Kashe rediyo, sauke gilasai, ka ɗauki wani ya zauna a baya. Bi layin da babu kwalta a hankali, in da hali kusa da katanga, domin katanga tana maido maka da sautin. Abin lura ba ƙarfin ƙarar ba ne, lokacin da take zuwa ne. Ƙaramar ƙara mai yawa, kaf-kaf-kaf a kan ƙananan duwatsu, wadda take ɗaukewa idan ka hau kwalta mai santsi, yawanci linkej ne, wato ɗan sandan da ya haɗa sitabilaiza da ƙafa, ko kuma robobin da suka riƙe sitabilaizar. Duka ɗaya mai nauyi, gum, daidai lokacin da ka taka birki ko ka tashi daga tsaye, wannan bushin lowa'am ne, saboda tayar tana ja baya ta dawo gaba a cikin gurbinta. Idan dukan yana zuwa ne sa'ad da ka sa giya ko ka saki totur farat ɗaya, ƙyale ƙafa tukuna ka duba injin sit. Ƙas-ƙas-ƙas a jere lokacin da ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana juyawa kuwa, shaf ne, babu ruwan bushin.

Tsaya a wuri mai lebur. Danna kowace kusurwa ta motar da ƙarfinka ka saki. Idan ta taso sau ɗaya ta tsaya, kuma ba ka ga mai yana tsattsafowa a jikin shokazobar ba, ka rage zarginta. Shafa tayoyin gaba da tafin hannu. Tayar da ta cinye ta gefen ciki kawai, sauran fuskarta da sauran zane, tana gaya maka wani abu ya saki yana barin ta karkata.

Yanzu a ɗaga motar. Kada wanda ya shiga ƙarƙashinta da jak kaɗai. A sa mata matokari na ƙarfe, a datse tayoyin baya da dutse ko katako. Kama tayar sama da ƙasa, ka tura da hannu ɗaya kana ja da ɗaya. In ta yi wasa, ko boljoyin ne ko boris. Raba gardamar ba wuya: sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Idan wasan ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, boljoyin ne ko bushin. Sannan ka kama ta dama da hagu, wasan da ka ji a nan na tayarod ne.

Akwai tarko a wannan gwajin da yake kama ko da gogaggun kanikawa. A motoci irin su Golf 3 da Corolla, boljoyin ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba, don haka da taya ta rataya wasansa yake fitowa. Amma a motocin da shokazoba da sifirin suke zaune a kan lowa'am, irin Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, sifirin yana ci gaba da danne boljoyin na ƙasa ko taya tana lilo, sai ya yi kamar lafiyayye. Dole a tura jak ƙarƙashin lowa'am ɗin a ɗan ɗaga shi, a zura liba ƙasan tayar a ɗaga, sannan gaskiya ta bayyana. Wannan ba wurin jinkiri ba ne. Bushin da ya mutu zai dame ka da ƙara da cin taya na tsawon watanni, amma boljoyin idan ya fita, tayar ce take kwanciya a tsakiyar titi.

Shi bushin ido da liba ne suke kama shi. Haska tocila a kai. Ƙananan tsage-tsage a fuskar roba tsufa ne kawai, ba su isa a canza ba. Abin nema shi ne tsaga mai zurfi da ta ratsa robar, ko robar ta rabu da bututun ƙarfen da ke tsakiyarta, ko wani wuri mai sheƙi a jikin ƙarfe inda ya daɗe yana goga, wani lokaci da jan garin tsatsa a gefensa. Zura liba tsakanin lowa'am da mazauninsa ka danna. Lafiyayyar roba za ta ɗan ba da kai ta maido da ƙarfen wurinsa da kanta. Matacciya kuwa za ka ga ƙarfen ya zame ba turjiya, har ka ji ƙarar nan da ta hana ka sakat. Idan har yanzu kana shakkar linkej, kwance shi ta ɓangarorin biyu, ɗaure sitabilaizar da waya kada ta taɓa komai, ka zaga layin nan a hankali. Shiru ya tabbatar da mai laifi. Gwaji ne kawai, ba a hawa babban titi a haka.

Wajen canzawa, a canza dama da hagu tare, tunda shekarunsu ɗaya. A guji robar da ake yankowa daga tsohuwar taya, kuma kada a shafa wa sabon bushin giris ko baƙin mai don ya shige. Ruwan sabulu ya isa. Wasu bushin suna da ramuka ko kibiya a jikinsu, a lura da yadda tsohon ya fuskanta kafin a fitar da shi.

Mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa. Notin da ya ratsa tsakiyar bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota tana sama. Idan aka ɗaure taya tana rataye, da an sauke motar robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta yage, a ce kayan ne jabu. A ɗaura notin sako-sako, a sauke motar a kan tayoyinta ko a kan rami, a ɗan jijjiga ta ta zauna daidai, sannan a tamke. Daga gareji kuma a wuce kai tsaye wurin masu alaimen.