TAKARDAR SAKI TA ƁACE: YADDA AKE NEMAN KWAFIN HUKUNCI A KOTUN ALƘALI

 

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu duba wata wasiƙa ce da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga ƙasar Bunkure. Ya ce shekara shida ke nan da alƙali ya raba auren ƙanwarsa da mijinta na fari ta hanyar hul'i. Ta mayar da sadaki, ta yi idda, ta yi wani aure, har ta haifi 'ya'ya biyu. Bana Allah Ya yi wa miji na biyun rasuwa, ya bar gonar noman rani a bakin ruwa. Da aka zo rabon gado sai wasu daga cikin danginsa suka ce ai igiyar mijin fari ba ta tsinke ba, saboda haka auren ɗan'uwansu da ita ɓatacce ne, ba ta da tumuni. Takardar da kotu ta ba ta kuwa ruwan damina ya shiga ɗaki ya lalata ta. Daga cikin waɗanda suka raka ta kotu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi neman abinci kudu, shi ma tsohon mijin ba ya gari. Mai wasiƙa yana tambaya, shin hakkinta ya tafi ke nan tare da takardar?

Amsa ita ce bai tafi ba. Abin da ruwa ya ci kwafi ne kawai. Asalin maganar yana cikin littafin shari'a na kotun da ta yanke hukuncin, kuma tana da ikon ta je ta nema.

Irin wannan rigima ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa gangarowa zuwa Kadawa da ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, sai ƙasa ta yi daraja. Gonar da dā sai damina ake waiwayarta, yanzu tana ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ta yadda ko tumunin eka ɗaya abin a kai ruwa rana ne a kansa. Ga kuma 'yan ci-rani da fatake masu zuwa daga nesa, mutum ya zo ya yi aure da rani, kafin shekara ta zagayo ya yi saki ya kama gabansa. Inda dukiya ta yi yawa, mutane kuma ba su zauna wuri ɗaya ba, dogara ga tunanin shaidu kaɗai ganganci ne.

Mu fara da abin da Shari'a ta ce. Saki yana aukuwa da furucin miji, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Kafa shaidu adalai biyu da aya ta 2 cikin Suratul Ɗalaƙ ta yi umarni da shi, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin mustahabbi, wato rashinsa ba ya hana sakin aukuwa. Amma fa aukuwar abu daban, tabbatar da shi a gaban alƙali daban. Idan miji ya yi musu, saki ba ya tabbata sai da shaidar maza biyu adalai, shaida ɗaya da rantsuwar mace ba su isa ba. Nan ne mata da yawa suke shiga uku, ta san a ranta an sake ta, amma ba ta da abin nunawa. Allah kuwa da Ya yi umarni a rubuta bashi a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawon aya a Alƙur'ani, Ya bayyana cewa rubutu ya fi tsayar da shaida, ya fi kawar da shakka. To, in an kiyaye kuɗin buhun taki da rubutu, ina ga igiyar aure, wadda halasci da nasaba da gado suke rataye a kanta?

Abu biyu ne suka fi muhimmanci a cikin kowace takardar rabuwa: ranar da aka rabu, da irin rabuwar. Ranar ita ce mafarin idda, tsarki uku ga mai jinin al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. Kuskure a lissafin nan ba ƙaramin abu ba ne a mazhabarmu, domin wanda ya ɗaura aure da mace cikin idda ya kuma tare da ita cikin iddar, za a raba su, kuma ta haramta gare shi har abada. Haka nan idan miji ya zo ya ce ai tun watanni da suka wuce ya sake ta, alhali ba shi da shaidu, to, za ta fara ƙirga idda ne daga ranar da ya yi iƙirarin. Irin rabuwar kuma ita ke nuna ko akwai kome ko babu. Saki ɗaya ko biyu, miji na iya yin kome muddin ba ta gama idda ba, in ɗayansu ya mutu cikin iddar kuwa ɗayan zai gaje shi. Hul'i saki ne yankakke, ba kome sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Sakin da alƙali ya yi saboda cutarwa shi ma yankakke ne, amma wanda ya yi saboda miji ya kasa ciyarwa yana da kome in mijin ya sami hali kafin idda ta cika. Duk wannan bambanci ba za ka same shi a bakin maƙwabta ba bayan shekara shida. Su abin da za su ce kawai shi ne aure ya mutu.

Ajiye kundi a kotu ba bidi'ar Turawa ba ce, kamar yadda wasu suke zato. Masu tarihin alƙalan Masar sun kawo cewa Sulaimu ɗan Itru, alƙalin Masar a zamanin Mu'awiya, ya yanke hukunci tsakanin wasu magada, daga baya suka yi musun hukuncin suka dawo, sai ya sake yankewa ya rubuta ya kafa shaidu. Shi ake ambata a matsayin alƙalin farko da ya rubuta hukuncinsa a ƙasar. Ku lura, rigimar gado ce ta jawo hakan, irin wadda ke gabanmu yau. Ibnu Asim, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suke karantawa, ya ware fasali a kan wasiƙar da alƙali ke rubuta wa ɗan'uwansa alƙali don tabbatar da abin da ya gudana a gabansa. A nan Kano ma, littattafan shari'a na majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914, da Larabci, sun wanzu har wani masani Ba'amurke, Allan Christelow, ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1994. In rubutun da ya wuce shekara ɗari yana nan, bai kamata a fid da rai daga na shekara shida ba.

Sai dai kafin mutum ya ɗauki ƙafa, ya kamata ya tantance wace irin rabuwa aka yi. Yawancin sakin da ake yi a ƙauyukanmu na gida ne. Miji ya yagi takarda ya rubuta, ko ya faɗa da baki, ko a zamanin nan ya aika ta waya. Wannan ba ya cikin littafin kowace kotu, ko ka kwana kana bincike ba za ka gan shi ba. Wadda ke cikin wannan hali, abin da za ta yi shi ne ta shigar da ƙara tana neman a tabbatar da sakin. Za a aika wa miji sammaci, in ya amsa shi ke nan, in ya musa ta kawo shaidu ko rubutun hannunsa, alƙali ya bincika ya yi hukunci. Daga ranar ne maganar ta shiga kundi. Shawarata ga iyaye ita ce a yi wannan tun da zafinsa, tun mijin yana gari, shaidu suna raye, kada a jira sai wani manemi ya fito.

Wadda kuwa alƙali ne ya raba aurenta, kamar ƙanwar mai wasiƙa, sai ta nufi ainihin kotun da ta zauna a kan ƙarar, ko ta Kura ce, ko ta Bunkure, ko ta wani gari, domin kowace kotu ita ke riƙe da littattafanta. Ba wurin alƙali ake fara zuwa ba, wurin rajistara ake zuwa, shi ne mai kula da kundi. Ko an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, littafi na kotu ne, yana nan. Za ta rubuta takardar roƙo, ko a rubuta mata, ta ambaci cikakken sunanta da na tsohon mijin kamar yadda aka kira su a kotu, da garin da kowa yake zaune a lokacin, da wanda ya yi ƙarar wani, da lambar ƙara in tana da ita. Lambar nan tana jikin sammaci da rasit, saboda haka a duba tsofaffin takardun gida, har da na waliyyinta. In babu lamba, to, shekara da wata su ne mabuɗi, don ana shigar da ƙararraki bi da bi ne bisa kwanan wata. Mutanenmu ba su cika riƙe shekarar boko ba, amma sukan tuna lokacin yankan alkama ne, ko bayan Babbar Salla, ko shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, wato 2016. A zauna a gida a daddale wannan lissafi, a haɗa da shekarun yaran da aka haifa, kafin a je a sa ma'aikaci buɗe littafin shekara goma.

A san kuma abin da ake nema. Akwai takardar shaidar rabuwar aure, wadda gajeriya ce, ta isa a nuna wa waliyyi da liman wajen sabon ɗaurin aure. Akwai kwafin hukunci. Akwai kuma cikakken kwafin shari'a, mai ɗauke da da'awa da amsa da maganar shaidu. Mai rigimar gado, ko riƙon 'ya'ya, ko ɗaukaka ƙara, cikakken ya kamata ya nema, domin a ciki ne za a ga nawa aka yanka na hul'i, an biya ko ba a biya ba, da abin da aka ce game da ciki ko yara. Kwafin da bai da tabbaci kuwa hoto ne kawai. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya faɗi siffar kwafin da aka tabbatar: a biya kuɗin da doka ta yanka, jami'in da ke riƙe da asalin ya rubuta a ƙasan kwafin cewa daidai yake da asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi inda ake da shi. Wannan siffa ita manyan kotuna da ofisoshin gwamnati suka sani. A biya a karɓi rasit, kuma kada a bar harabar kotu sai an sami mai karatu ya duba sunaye da ranar hukunci, don gyaran harafi ɗaya a ranar ya fi sauƙi a kan dawowa bayan shekara.

Idan shari'ar ta daɗe, sai a tuna kotunan nan sun sha canza suna. Dā kotunan alƙalai ne a ƙarƙashin En'e, a 1968 gwamnatin jiha ta karɓe su suka zama kotunan yanki, a 2000 kuma Jihar Kano ta mai da su kotunan Shari'a, da ƙanana da manya. Canjin suna bai soke hukuncin da aka yi a baya ba. In an ce littafin ba ya nan, ko an raba kotun, ko an haɗe ta da wata, sai a rubuta wa Babban Magatakarda na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a birnin Kano, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta. Ita ce sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran aure da saki da gado na Musulmi. In kuwa ƙarar ta taɓa zuwa sama, akwai kwafinta a kotun da aka ɗaukaka ta. Wanda ya yi auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, shi nasa a Babbar Kotun Jiha yake, domin ita ce ke warware irin wannan aure bisa dokar 1970.

Wani zai ce, to, in an bincika ko'ina ba a samu ba fa? Takardar rantsuwa da ake yi a kotu tana nuna cewa takarda ta ɓace, amma ba ta zama hukunci. Sai a koma ga shaidu: waɗanda suka halarci zaman, da wanda ya miƙa kuɗin hul'i, da limamin da ya ɗaura aure na biyu, da mai unguwa ko dagacin da ya san maganar, da iƙirarin tsohon mijin in an same shi. Alƙali ne zai auna ya ga wa ke da nauyin kawo hujja, domin mai cewa auren da aka ɗaura a bainar jama'a aka zauna shekaru ɓatacce ne, shi ma da'awa ya yi.

Akwai ladabi a cikin neman. Littafin saki cike yake da asirin gidajen mutane, abin da mata ta faɗa kan mijinta da wanda ya faɗa kanta cikin fushi. Masu hakkin nema su ne ma'auratan biyu, da wakilinsu ko lauyansu, da magadan da maganar ta shafa. Manemin da ke son ya tabbatar bazawara ta fita daga igiya, takardar shaida ta ishe shi, ya karɓa daga hannun waliyyinta. Bin diddigin abin da ya raba ta da mijin fari a cikin kundi, don a sami abin gori, yana cikin binciken laifin Musulmi da Suratul Hujurat ta hana.

Saboda haka, Malam mai wasiƙa, ka ɗauki ƙanwarka ku je wurin rajistaran kotun da ta yi hul'in, ku nemi cikakken kwafin shari'a mai hatimi. A lokaci guda ku sanar da alƙalin da ke rabon gadon cewa kuna neman kwafin, ku roƙe shi ya dakatar da raba gonar, ko ya rubuta wa waccan kotu da kansa. Ku yi wannan kafin a saki ruwan rani, domin da zarar wani ya zuba iri da taki a fili, fitar da shi sai an sake wata shari'ar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin matar da mijinta ya ɓace ba a san inda yake ba.