Yadda ake ɗura tawada a firintar hoto ta gida

Kamfanonin firinta ba su cika neman riba a jikin injin ba, a tawada suke jiranka. Za ka sayi ƙaramar Canon ko HP da sauƙi, ka buga hotunan suna da na sallah, kafin wata ya zagayo fitila ta fara ƙiftawa. Ka je kasuwa ka tarar kuɗin katirij biyu, baƙi da mai launi, ya doshi kuɗin firintar kanta. Daga nan mutane ke koyon ɗura, kuma da ita masu buga hoton fasfo a bakin ƙofar jami'o'i da sakatariya suka daɗe suna cin abinci.

Zan ɗauki Canon mai cin PG-445 da CL-446, don ita na fi sabawa da ita, amma ƙananan HP ma kusan haka suke. Kayan aikin ba yawa: kwalaben tawada huɗu, sirinji huɗu daga kemis, kowane launi da nasa, tishu, tsinken sakace, salatif, safar hannu, da tsohuwar jarida da za ka shimfiɗa. Kada ka yi aikin a kan darduma, kuma kada ka yi shi da farar shadda a jikinka.

Wajen sayen tawadar ne ake fara zamewa. Iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke cikin ruwa, za ka ga an rubuta Dye a jikin kwalbar. Akwai kuma mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin launi, wadda aka rubuta wa Pigment. Katirij ɗin launi na wannan Canon ta rini yake sha, baƙin kuma mai ƙwayoyi. Ban da wannan, tawadar Epson daban take da ta Canon da HP, domin Epson matso tawada take yi da wani sinadari mai motsi idan lantarki ya taɓa shi, su kuwa waɗannan biyun tafasa ta suke yi. Idan mai shago ya miƙo maka kwalba ya ce, "Alhaji, wannan kowace firinta tana sha," ka gode masa ka nemi wadda aka rubuta sunan injinka a kai.

Baƙin ba shi da wata wahala. Ka ɓare takardar da ke samansa, ka faɗaɗa ɗan ramin iskar da ke ƙarƙashinta har allura ta shige, ka zuba kamar mililita 5 zuwa 6 a hankali, ka goge, shi ke nan.

Mai launin shi ne wurin da ake gane hannu. Ɗan akwatin nan ɗaki uku ne a ciki, shuɗi da ja da ɗorawa, kowanne da sosonsa, kuma duka ukun suna sauka ne a kan ƙarfe guda da ke ƙasa, inda ƙofofinsu suke dab da juna. Da farko kada ka yarda da zanen da ka gani a waya cewa ramin kaza na launi kaza ne, don samfuri ya bambanta. Ka ɓare takardar samansa, ka zura tsinken sakace a kowane rami har ya taɓa soso, ka zaro ka duba bakinsa. Abin da tsinken ya faɗa maka shi ne gaskiya. Duk wanda ya zuba shuɗi a ɗakin ɗorawa ya gama da katirij ɗin, sai dai ya yi ta buga koren fuskoki.

Sai ka ja tawada a sirinji, ka ɗaga allurar sama ka ƙwanƙwasa shi da farce har kumfar iska ta taru ka fitar. Ka soka allurar cikin soso, za ka ji ɗan tauri yana riƙe ta. Ka kai ta wajen rabi ko gaba kaɗan, amma kada ka danna har ƙasa, akwai matata siririya a can wadda idan ta huje ba ta da gyara. Yanzu ka matsa, kuma a nan ne haƙuri yake aiki. Busasshen soso kamar ƙasar rani yake, in ka kwarara masa ruwa sai ya bi ta sama ya gudu, in ka ɗiɗɗiga sai ya shanye. Ɗan matsi, ka tsaya, ka ƙirga biyar, ka ƙara. Mililita 2 zuwa 3 ya ishi kowane launi. Da ka ga tawada ta leƙo bakin rami, ka tsaya cak, ka zuƙe kaɗan ta koma cikin sirinjin. Masu sabon hannu suna ganin cika maƙil shi ne riba, alhali soson ne ke riƙe tawadar kada ta zubo, in ya ƙoshi ya wuce ƙima sai ta riƙa ɗiga ta ƙasa, ja ya haɗu da shuɗi a kan ƙarfen, ɗakin da ya fi ƙishi ya tsotse gaurayen ya koma da shi ciki.

Gwajin yana da daɗin kallo. Ka ninka tishu ka ɗan jiƙa shi, ka dangwala ƙasan katirij ɗin a kai ka ɗaga. In ka ga layi uku a jere, kowanne da launinsa tas, ka iya. In ɗaya bai fito ba, iska ce ta tsaya a hanya ko tawada ta bushe a ƙofa. Ka ɗumama ruwan allura na kemis, ka zuba kaɗan a murfin kwalba, ka tsoma ƙarfen kawai na 'yan mintoci, ban da ɓangaren lantarki mai ruwan zinare da ke gefe. Ka bar shi ya huta a kan tishu kafin ka mayar da takardar saman da salatif, kuma kada ka toshe shi ruf, sai da iska tawada ke sauka.

Kana mayar da shi firinta za ta ce har yanzu babu tawada, domin ba leƙawa take yi ba, lissafin ɗigon da ta fesa take yi. Ka danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa biyar ko fiye har ta haƙura. Sai dai daga ranar gadi ya dawo kanka. Ƙofofin da ke ƙasan katirij kowacce tana da ɗan murhu da ke kai zafi kusan digiri 300 cikin ƙiftawar ido, tawadar ce ke sanyaya shi. Asalin fasahar ma a sirinji aka gano ta: a 1977 wani injiniyan Canon, Ichiro Endo, ya ga tawada ta yi tsartuwa da ƙarfen lika waya mai zafi ya taɓa allurar sirinji. To in ka ci gaba da bugu alhali soso ya bushe, murhun ne zai ƙone. Da ka ga launi ya fara kodewa ko layi ya fara ratsa hoto, ka tsaya ka ɗura.

Hoton farko kada ya zama na amarya. Ka buga zanen gwajin ƙofofi a farar takarda, sannan ƙaramin hoto mai fuskar mutum, don a fata ake kama tawadar da ta karkata, baƙin mutum ya koma jajaja ko ya yi kore-kore. Ana gyara wannan a saitin launi na kwamfuta, ka rage wanda ya yi yawa ka adana saitin. Maganar daɗewa kuwa, ba zan yaudare ka ba, arha tana da kuɗinta. Tawadar rini mai sauƙin kuɗi ta fi saurin kodewa in hoto yana shan rana da iska. Na fasfo da na fom ba komai, amma wanda za a rataya a falo ka sa shi a gilashi ko ka yi masa leda.

Kamfanonin ma sun ga inda iska ta kaɗa. Epson ta fito da firinta mai tanki a Indonesiya a 2010, wadda kake tsiyaya tawada daga kwalba kai tsaye, irinsu L805 mai launi shida da masu situdiyo ke so. HP kuwa a 2016 ta tura sabunta manhaja da ta sa wasu injinanta suka ƙi karɓar katirij ɗin da ba nata ba, shi ya sa masu ɗura da yawa ke kashe sabuntawa ta intanet.

Da hunturu ka riƙa buga ko da shafi guda mai launi duk mako, ka lulluɓe injin saboda ƙura. Katirij ɗaya yakan jure ɗura sau da dama kafin lantarkinsa ya gaji. Ranar da ka wanke, ka jiƙa, layi ya ƙi ɓacewa, ka sayi sabo na asali, ka shanye tawadar kamfani, sannan ka ɓare takardarsa.