Kifayen Kogin Kwara a Ƙasar Yawuri

Kadan ka tsaya bakin ruwa a Yelwa da safe, sa'ad da jiragen Sarkawa ke komowa, ka lura da abin da suka kamo. Kifi iri biyu ne, da mai ɓawo a jiki da mai santsi.

Cikin masu ɓawo giwan ruwa ce babba. Abincinta kifi ne, nauyinta kuwa yakan wuce kilo 100. Karfasa ba ta kai ta ba ko kusa, amma ta fi ta kula da 'ya'ya, gama uwa takan riƙe ƙwai cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Bargi sheƙa yake yi cikin ciyawa, kamar tsuntsu.

Cikin masu santsi ka san tarwaɗa mai gashin baki. Tana shan iska, shi ya sa takan daɗe da rai cikin jirgi. Ƙurungu kuwa sai ka yi hankali da ƙayarsa. Minjirya, wanda ya taɓa ta sau ɗaya ba ya bukatar littafi ya gaya masa halinta.

To, a shekarar 1968 aka tare kogin a Kainji, ruwa ya ci tsibiran Gungawa, ya zama tafki babba. Da fari faliya ta yi yawa ƙwarai, bayan 'yan shekaru ta ragu. Sai wani ƙanƙanen kifi ya cika tafkin, watau warangi, wanda bai kai tsawon yatsanka ba. Dangin sardin ne, kifin nan na teku da ka saba gani cikin gwangwani. Kamar danginsa na ruwan gishiri, garke garke yake tafiya.

Kada ka raina warangi. Shi ne abincin giwan ruwa da tsage, mutane kuma suna shanya shi su kai kasuwa. Amma ga wahalar: ba ya kamuwa sai da taru mai ƙananan idanu. Sa'ad da aka ja irin wannan taru a gaɓar Ngaski ko ta Shanga, ba warangi kaɗai yake kwasowa ba. Ka sa hannu cikin kwando ka tona, za ka tarar da 'ya'yan karfasa da na faliya, har da na giwan ruwa, kowanne bai fi farce biyu ba, tun ba su kai ga yin ƙwai ba.