Hasumiyar Gobarau: Masallacin Da Ya Zama Abin Tarihi

A tsakiyar birnin Katsina akwai wata doguwar hasumiya ta ƙasa da ake kira Gobarau. Tsawonta ya kai kamar mita 15. A yau ba a sallar Juma'a a wurin, amma ita ce abin da ya rage na babban masallacin birnin na dā. Mu da muke zaune a Sabon Garin Sakkwato ya kamata mu san labarinta, domin tarihin ƙasar da muke ci muke sha a cikinta ne.

Asalinta

Masana tarihi suna danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. A ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Maghili, malamin nan na Arewacin Afirka, ya ziyarci Kano da Katsina. Lokacin fatake suna ratso Hamada da raƙuma, suna kawo gishiri da tufafi da littattafai. Masallacin ya zama makaranta, almajirai suna zuwa daga nesa. A ƙarni na 17 Katsina ta yi suna da malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

A dā hasumiyar tana da aiki biyu. Ladan yana hawa ya kira salla. Masu tsaro kuma suna hawa su hango ƙurar mayaƙa tun kafin su iso ganuwa.

Yadda aka gina ta

Ba a sa siminti ko ƙarfe ba. Magina sun kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, suka mulmula tubali, suka shanya a rana. Sai suka jera shi, suna liƙewa da laka. Gindin yana da faɗi ƙwarai, ginin kuma yana tsukewa hawa-hawa har sama. Dalili shi ne ƙasa tana jure nauyin da ya danne ta daga bisa, amma ba ta jure karkata. Saboda haka duk ginin ƙasa mai tsawo sai ya yi kauri a ƙasa. Haka hasumiyar Agadas take, wadda ta kai mita 27.

Yadda ta daina zama masallacin Juma'a

A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi. Zuwa 1807 Katsina ta shiga hannun jama'arsa, daga baya Ummarun Dallaje ya zama sarki. Shi ne ya gina sabon masallacin Juma'a. Da jama'a suka koma can, sai aka rage kula da tsohon. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so a kai a kai. Damina ta yi ta cin bango har masallacin ya zube, hasumiya kaɗai ta tsira, ita ma don an riƙa gyara ta. A 1959 gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa.

Irin wannan ya faru a Jenne ta ƙasar Mali, garin da ruwan kogin Bani yake kewayewa ya zama tsibiri idan kogi ya kawo. A ƙarni na 19 Shehu Ahmadu na Masina ya gina wani masallaci, aka bar tsohon ya rushe. Sai a 1907 aka sāke gina shi. Har yanzu mutanen garin suna fitowa kowace shekara su yi gayyar yaɓe.

Abin koyi

'Yan makaranta, abin da ba a kula da shi ba ya daɗewa, ko masallaci ne, ko majami'a, ko zumunci tsakanin maƙwabta. Zaman lafiya ma yaɓe yake so kowace shekara. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 17, ku ga yadda Bulus ya zaga Atina, ya duba wuraren ibadarsu da kyau kafin ya buɗe baki. Wanda ya san tarihin maƙwabcinsa ba ya saurin zaginsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka biyu hasumiyar Gobarau ta yi?
2. Me ya sa gindinta ya fi samanta faɗi?
3. Wane tsohon gini ne a garinku yake bukatar gyara, wa kuma ya kamata ya gyara shi?