DARASI NA BAKWAI: SHUGABANCIN AL'UMMA, GADO KO SHAWARA?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, wani ɗalibi ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Malam, in sarki ya mutu ɗansa ya hau, mene ne laifi, tun da gida da gona ma gadonsu a ke yi?" Na ce masa gona dukiyar mamaci ce, jama'a kuwa ba dukiyar kowa ba ce, balle a raba ta a gado. Ga ƙarin bayani.

Allah Ya yabi muminai a Suratus Shura, aya ta 38, da cewa shawara su ke yi a kan al'amarinsu. Wane al'amari ya fi naɗin shugaba girma? Ku dubi yadda sahabbai suka yi aiki da wannan. Da Annabi (S.A.W.) ya yi wafati a shekara ta 11 bayan Hijira, an taru a rumfar Banu Sa'ida, aka yi muhawara, sa'an nan aka yi wa Abubakar mubaya'a. Abubakar yana da 'ya'ya maza, amma da ajali ya matso sai ya shawarci manyan sahabbai, ya nuna Umaru. Shi kuma Umaru, da aka soke shi a shekara ta 23, ya bar al'amarin a hannun mutum shida: Usmanu, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu da Abdurrahman ɗan Aufu. Ya ce ɗansa Abdullahi ya halarci zaman, amma ba shi da rabo a cikin shugabancin. Abdullahi ɗan Umaru fa, wanda kowa ya san iliminsa da tsoron Allahnsa! Kwana uku Abdurrahman yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a tsai da Usmanu.

To, yaushe abin ya juya? A zamanin Mu'awiya, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nemi a yi wa ɗansa Yazidu mubaya'a tun yana da rai. A nan sai mu kama harshenmu. Mu'awiya sahabi ne, malamai kuma, irin su Ibnu Khaldun, sun ba shi uzuri da cewa rarrabuwar kai ya ke gudu. Amma ba mu muka fara ƙin abin ba. Da Marwanu, gwamnan Madina, ya sanar da maganar a kan mumbari, Abdurrahman ɗan Abubakar ya miƙe ya kamanta ta da al'adar sarakunan Rum. Husaini da Abdullahi ɗan Zubairu ba su miƙa hannu ba. Abin da aka guda kuwa shi ya auku: Karbala a shekara ta 61, yaƙin Harra a Madina a 63, sa'an nan a 64 aka kewaye Makka har Ka'aba ta kama wuta.

Masu kare gado babbar hujjarsu ita ce yana hana rigima, domin kowa ya san magaji. Tarihi bai gaskata su ba. 'Ya'yan Haruna Rashidu, Aminu da Ma'amun, sun gwabza yaƙi har aka kashe Aminu a Bagadaza a 198. A Daular Usmaniyya, Sarki Muhammadu na Uku ya sa an kashe 'yan'uwansa maza 19 da hawansa gado a 1595 Miladiyya. Kuma haihuwa ba ta zaɓe. Ta kan ba da Umaru ɗan Abdul'azizu, ta kan kuma ba da Muƙtadir, wanda aka ɗora kan halifanci a 295 yana ɗan shekara 13, fadawa da mutanen cikin gida suna juya daula. Yaron da ba za ka ba shi tsaron shagonka ba, an ba shi baitulmali da rundunar Musulmi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar cirewa. Wanda jama'a suka naɗa ya san da yardarsu ya hau, in ya karkace akwai ranar da za a ce ya sauka ba tare da zub da jini ba. Wanda ya gada fa, wa zai ce masa sauka? Sai mutuwa ko takobi.

Kada wani ya ɗauka duk wanda ya tuɓe rawani ya zama zaɓaɓɓe. Sojoji sun kau da Sarki Faruƙu a Masar a 1952, sun kau da Sarki Idirisu a Libiya a 1969, Gaddafi ya zauna shekara 42 ba wanda ya jefa masa ƙuri'a. A Siriya ana kiran ƙasa jamhuriya, amma Hafizul Asad na mutuwa a 2000 ɗansa Bashar ya hau, bai sauka ba sai da aka kore shi a 2024. Wannan sarauta ce cikin kakin soja. Haka nan zaɓen da aka saya da atamfa da sabulu, ba shi ne shawarar da Allah Ya yaba ba. Don haka darasin nan ba kiran tawaye ba ne. Canjin da mu ke nufi na hujja ne da doka da yardar jama'a.

A ƙasarmu ma an taɓa maganar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar mulki ta gado da fin ƙarfi ba da shawara ba a cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa. Na san za ku ce ai da ya rasu a 1817 ɗansa Muhammadu Bello ya hau, sarautu kuma suka tsaya a gidajen masu tuta. Tambaya ce mai nauyi, ba zan tsallake ta ba. Ku nemi littafin ku karanta shi a gaban malami, da ita za mu buɗe darasi na takwas in Allah Ya kai mu.